Daga Kogin Misisifi Zuwa Bakin Bakolori: Lissafin da Ɗan Caca Ba Ya Yi

Ranar wata Talata da yamma, kasuwar Mafara ta fara watsewa, motocin Sakkwato da na Gusau suna ta lodin albasa da buhunan shinkafa, sai ga ɗan ƙanwata ya yi sallama a zaure ya durƙusa. Tun daga gaisuwar na san da magana a bakinsa. Yaro ne mai ƙwazo, shi ke riƙe da gonar noman rani ta gidansu a ƙarƙashin ruwan Bakolori tun rasuwar mahaifinsa. Talatar da ta gabata ya sayar da shinkafa buhu huɗu don sayen taki da biyan masu dashe. Kafin daren Lahadi fiye da rabin kuɗin sun bi ta cikin waya.

"Kawu, wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni. Goma na haɗa, tara duk sun shigo."

Na ce, "To, ashe yanzu caca kake yi?"

Ya ɗago kai da sauri. "A'a Kawu, wannan ba caca ba ce. Caca ai sa'a ce. Wannan sanin ƙwallo ne, sai wanda ya iya."

Wannan kalma ta iyawa ita ta hana ni barci. Na fi shekara ashirin ina koyar da lissafi a sakandare, kuma tun ina ɗalibi a Sakkwato na karanta labarin wata cacar kati wadda masana lissafi suka tabbatar cewa iyawa tana aiki a cikinta da gaske. Sunanta bilakjak, wasu kuma su ce ashirin da ɗaya. Na ga in har zan yi wa yaron nan magana ta shiga kunnensa, to sai in kai shi inda hujjarsa ta fi ƙarfi, ya gani da idonsa abin da iyawar take saya wa mai ita.

Wasan ba shi da wuya. Fakitin karta yana da kati 52. Kowane kati darajarsa lambar da ke jikinsa, masu hoto kuma goma-goma ne, sai katin as wanda mai shi zai ƙirga ɗaya ko goma sha ɗaya, yadda ya fi masa. Ba da sauran mutanen tebur kake karawa ba, da mai rabon kati kake yi, wato ma'aikacin gidan. Za a ba ka kati biyu, shi ma ya ɗauki biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a kife. Kana iya cewa a ƙara maka, kana iya tsayawa. Wanda ya fi kusa da 21 bai wuce ta ba, shi ya ci. Wanda ya zarce 21 ya ƙone. Mai rabo ba shi da zaɓi ko kaɗan: doka ta ce ya yi ta ɗauka har ya kai 17, daga nan ya tsaya.

Na sayo fakiti ɗaya, na ɗebo wake a kwano na raba mana ɗari-ɗari, na ce ni ne mai gida, shi ne baƙo. Babu ko sisi a tsakani, darasi ne. Ya dubi dokar ya ce ai wannan adalci ne, abin da zan yi shi ma shi zai yi, in kai 17 ya tsaya. Daren farko ya tashi da ribar wake goma sha biyu, yana ta murmushi. Na ji daɗin hakan, domin haka take fara wa kowa. Dare na uku kwanonsa ya yi ƙasa sosai, ya ce in ba shi katin ya duba ko na yi masa alama. Babu wata alama. Abin da bai lura da shi ba ƙarami ne ƙwarai: shi ke fara wasa. In ya ƙone, nan take na kwashe wakensa, ko da ni ma zan ƙone daga baya. Mai bin wannan doka yakan ƙone kusan sau 28 cikin 100, saboda haka akwai wajen hannu 8 cikin 100 da dukanmu biyu muke ƙonewa, kuma dukansu nawa ne. Ko bayan an cire 'yar garaɓasar da ake ba baƙo in katinsa biyu na farko sun haɗa 21, mai kwaikwayon mai rabo yana asarar fiye da naira 5 a kowace naira 100 da ya zuba. Ba a yi masa maguɗi ba, ba a ɓoye masa komai ba. Jerin wanda zai fara da wanda zai biyo baya kawai aka tsara.

To ina iyawar take? A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, suka wallafa sakamakon lissafin da suka daɗe suna yi da ƙananan injunan ƙidaya na kan tebur. Suka fitar da abin da ya fi dacewa mutum ya yi a kowane hali: in kana da kaza, mai rabo yana nuna kaza, to ka tsaya, ko ka ƙara, ko ka ninka zubi. Misali, in kana da 13 kuma katin mai rabo na buɗe 6 ne, ka tsaya, ka bar shi ya ɗauka ya ƙone. In kuwa yana nuna 10, kana da 15, dole ka ƙara ko gabanka na faɗuwa. Wanda ya haddace wannan jadawali kaf, bai kauce ko sau ɗaya ba, ba ya fushi, ba ya bin zuciya, a tebur mai dokoki masu sauƙi asararsa takan sauko zuwa wajen kobo 50 a kowace naira 100. A lura da kyau: asara ce har yanzu. Gwani ya rage gudun zubar jinin ne, bai tsayar da shi ba.

Sai wani malamin lissafi, Edward Thorp, ya ɗora a kai. Ya lura cewa katin da ya fita ba ya komawa sai an sake cakuɗawa, don haka wasan yana da tunanin abin da ya wuce. In ƙananan katuna sun fita da yawa, manya sun rage a fakiti, to iska ta juyo wajen baƙo, sai ya ƙara zubi. In manyan ne suka fita, sai ya rage. Ya gwada lissafin a kwamfutar IBM 704, ya je jihar Nevada ya gwada da kuɗi ya ci, sannan a 1962 ya fitar da littafinsa Beat the Dealer, wato yadda za ka kayar da mai rabo. Mai ƙirga kati da ya ƙware yakan samu rinjayen kamar naira 1 cikin 100, kuma ko shi yana iya yin makonni yana faɗuwa kafin lissafin ya nuna.

Nan ɗan ƙanwata ya gyara zama ya ce, "Ka ji ko, Kawu! Ashe ana iyawa."

Na ce ana iyawa, amma saurari abin da masu gida suka yi. A 1964 gidajen cacar Las Vegas suka tsaurara dokoki, mutane suka ƙaurace, sai suka janye. Daga nan suka koyi yin abin a hankali. Maimakon fakiti ɗaya, aka koma haɗa shida ko takwas a akwati guda, wannan kaɗai ya ƙara wa gida kusan kobo 50 cikin naira 100. Aka riƙa sake cakuɗa kati tun ba a yi nisa ba, don ƙirgen ya tashi a banza. Daga baya aka kawo injin da ke cakuɗawa ba tsayawa, kowane kati da ya fita ya koma ciki nan take, ƙirge ya mutu murus. Wanda aka gane yana ƙirgawa kuma, a Nevada sai a ce masa ya tashi, ko da yake bai karya wata doka ba. Wani gwani mai suna Ken Uston ya kai ƙara a jihar New Jersey, a 1982 kotun ƙolin jihar ta ce ba a da ikon korarsa saboda iyawarsa. Gidajen ba su damu ba, suka ƙara yawan fakiti da yawan cakuɗawa.

Dabarar da ta fi ba ni haushi ita ce ta biyan kuɗi. In katinka biyu na farko suka haɗa 21 cif, wato as da mai goma, a al'ada ana biyan ka ɗaya da rabi: ka zuba naira 1,000, a ba ka ribar 1,500. Yanzu tebura da yawa sun mayar da shi 1,200, an rubuta a ɗan allo gefe guda, mutane ba sa ko dubawa. Naira 300 ce bambancin, kuma irin wannan hannu yakan zo kamar sau ɗaya cikin 21. Raba 300 gida 21, za ka samu kusan naira 14 a kowane hannu na naira 1,000. Wato da canza lamba ɗaya a allo an ɗora wa gwanin nan asara kusan ninki uku a kan wadda yake yi da, duk haddar da ya kwana yana yi ta tafi. A awa guda ana iya buga hannu 60 zuwa 70. Kowa ya yi lissafin da kansa.

Kuma babban abin da littafin Thorp ya jawo shi ne cikar tebura. Dubban mutane suka ji cewa ana iya cin gida, suka karanta rabin littafin, suka zo da ƙarfin gwiwa. Bilakjak ta zama wasan tebur da aka fi bugawa a Amurka. Ɗan kaɗan da gwanaye ƙalilan suka kwasa, masu ganin sun iya suka mayar wa gida da shi ninkin-ba-ninkin.

Yanzu bari in zo kan jiragen ruwa, don a nan labarin ya yi kama da namu. Jihohin tsakiyar Amurka da ke bakin kogin Misisifi mutanen karkara ne, manoma masara, masu riƙo da coci, kuma da yawansu ba sa son caca a garuruwansu. Da masana'antu suka durƙushe a shekarun 1980, gwamnatoci suna neman haraji, sai aka samo wata hanya: ba za a yi caca a ƙasa ba, a kan ruwa za a yi, cikin jirgi irin na zamanin da, a kira shi yawon buɗe ido. Jihar Iowa ta yi dokar a 1989, jiragen farko suka tashi ranar 1 ga Afrilu, 1991. An sa sharuɗɗa masu kyau a takarda. Ba a zubin da ya wuce dala 5 a hannu ɗaya, ba a barin mutum ya yi asarar fiye da dala 200 a fita guda, kuma dole jirgi ya bar gaɓa ya yi tafiya ya dawo.

Sharuɗɗan ba su yi ƙarko ba. Jihar Illinois da ke tsallaken kogin ta buɗe nata ba tare da iyakar asara ba, jihar Misisifi kuma ta ce jirgi ba sai ya motsa ba, ya tsaya a gaɓa kawai. A 1992 jirage biyu na Iowa suka tattara suka gangara garin Biloxi na jihar Misisifi. A 1994 Iowa ta soke iyakar dala 5 da ta dala 200. A jihar Missouri aka kai ga haƙa tafki kusa da kogi, a jawo ruwa a ciki, a gina katafaren gini yana iyo, a ce jirgi ne. Da guguwar Katrina ta 2005 ta ɗebo jiragen cacar gaɓar Misisifi ta watsar a kan tudu, sai majalisar jihar ta ba su izinin ginawa a ƙasa, kusa da ruwa. Cikin shekara goma sha biyar, abin da aka ce ba zai taɓa taka ƙasa ba ya kafa tubali.

A Missouri ɗin ma an yi irin gardamar da muka yi a zaure. A farkon 1994 kotun ƙolin jihar ta raba wasannin gida biyu, na sa'a zalla da na iyawa, ta ce tsarin mulkin jihar bai yarda da na sa'a ba. Jiragen suka buɗe da wasannin da aka ce na iyawa ne, bilakjak na ciki. Kafin shekarar ta ƙare an yi ƙuri'a an halatta injunan caca, waɗanda ba su buƙatar komai sai danna maɓalli. Iyawa ce ta buɗe ƙofa, sauran suka biyo bayanta.

Mu nan Zamfara ba mu yi wasa da lamarin ba. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Haramcin caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida yake, yaran allo ma sun san shi. Ina tune da yadda 'yan wala-wala masu kati uku suka ɓace daga bakin tasha, da yadda masu shimfiɗa tabarmar karta a bayan kasuwa suka naɗe. A lokacin ɗan caca sananne ne a unguwa. Sai ya fita, sai ya zauna cikin 'yan uwansa, wani zai gan shi ya gaya wa ubansa. Kunya tana aiki, Hisba tana aiki.

Tamu cacar ba ta hau jirgi ba, intanet ta hau. Ba ta da shago a Mafara ko Bakura ko Maradun da za a je a rufe, amma tana cikin aljihun yaro a gona, a aji, a kan babur. A Kano, a watan Oktoban 2024, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30. Ranar 22 ga Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da nata. Hukunci ne mai amfani gare mu, sai dai kwaɗo yana rufe ƙofar shago ne, ba ya rufe waya. Sau ɗaya na ga abin ya tsaya cak a garin nan, a watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Da layi ya dawo, ita ma ta dawo.

Na ɗauko takarda na ce wa ɗan ƙanwata mu yi lissafin tikitinsa. Na ce na yarda ya san ƙwallo, na ba shi cewa a kowane wasa da ya zaɓa, sau 7 cikin 10 zai yi daidai, wanda ko masu sharhi a rediyo za su yi alfahari da shi. Wasa goma a haɗe, dole duka su shigo. Ka ninka bakwai cikin goma sau goma, abin da zai rage bai kai 3 cikin 100 ba, kamar tikiti ɗaya cikin 35. Sannan na lissafa masa sau nawa tara za su shigo ɗaya ya yanke: 12 cikin 100. Ya dubi lambar ya daɗe. Wato abin da ya zo yana ba ni labari da ɗacin rai, cewa saura ƙiris, ya fi cin da yake jira yawan faruwa har ninki huɗu. Shi yana jin kamar ya kusa. Lissafi kuwa yana cewa daidai inda aka tsara zai tsaya ya tsaya, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ke komar da shi mako mai zuwa.

Akwai kuma la'adar gida. A ce wasa ne da ɓangarori biyu suke kunnen doki. Adalci shi ne wanda ya zuba 100 ya ci a ba shi 200. In kamfani ya ba da 190, ya riƙe kashi 5 cikin 100 ke nan. Wannan kaɗai ya ninka abin da gwanin bilakjak ke asara sau goma. In ka haɗa wasa goma, la'adar tana hawa kan la'ada, har kusan naira 40 cikin kowace 100 ta zama ta gida tun ba a busa usur ba. Kuma a bilakjak aƙalla dokar a rubuce take, katin 52 ne, kana iya ƙirgawa. A ƙwallo, wanda ke sa farashi yana da ma'aikata da kwamfutoci da bayanan kowane ɗan wasa, yana canza farashin kowane minti, kuma in ya ga wani yana yawan ci yana iya rage masa abin da zai zuba. Kai kuma abin da kake da shi kallon wasa ne a gidan kallo.

Ni ban raina iyawa ba, a cikinta na tashi. Mahaifina gwanin dara ne. A gindin wata bedi kusa da gidanmu ake haƙa gurabe talatin a ƙasa, wannan ya riƙe tsinke goma sha biyu, wancan ya riƙe duwatsu goma sha biyu, dattawa su kewaye suna kallo har a kira magariba. A dara babu abin da ke kife. Abin da kake gani shi abokin karawarka yake gani, ba mai fara wasa da 'ya'ya goma sha uku, ba kuma wani na uku a gefe da ke cire nasa a kowane ci. Wanda ya fi ka ya cinye ka, gobe ka dawo ka fi jiya. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, duk wasan da aka ce musu na iyawa ne, su fara tambaya: wa ya rubuta dokar, wa ke da ikon canza ta, kuma wa ke samu ko an ci ko an faɗi?

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne gonar. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ba kyauta ta zo mana ba. Garuruwa sun tashi, gonakin gado sun nutse, kuma a watan Afrilun 1980 an harbe manoma masu yawa da suka fito neman diyyarsu. Kakan yaron nan yana cikin waɗanda suka ga wannan rana. Yau kuma, da rashin tsaron da ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, duk wanda ke da ɗan fili kusa da magudanar ruwa yana riƙe da abin da dubbai ke nema. Na san gida biyu a yankin nan da aka jinginar da irin wannan fili, kuma ba ciwo ko biki ne ya ci kuɗin ba.

Ban yi masa faɗa ba, ban kuma gaya wa mahaifiyarsa ba. Na ranta masa kuɗin taki buhu biyu, da sharaɗin in ya yi girbi ya biya ni da shinkafa. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure.

"Kawu, wannan takardar, in tafi da ita?"

Na ce ya ɗauka. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, inda wayarsa take, ya ce zai yi sammako, gobe ne layinsu ke samun ruwa.